Kafin a Ɗora Inji a Kan Fentin Mota: Yadda Ake Zaɓen Soso da Man Gogewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana da masu motoci da matasan da suka shiga sana'ar goge fenti da inji. Abin da ke damuna shi ne yawan motocin da fentinsu ke lalacewa a hannun masu niyyar gyara shi. Mota ta daɗe ba kulawa, fenti ya dushe, kwarzane ya cika jiki, sai a sayo kwampawun, wato man gogewa mai cin fenti, mafi kaushi da aka samu, a manna soson ulu, a ƙure gudun inji, a hau goga. Ranar farko mota na ta walƙiya. Bayan wanki biyu ko uku sai zane ya fito fiye da na da, bakin ƙofa ya ƙone, wani wurin ma har firama, wato fentin farko da ke kan ƙarfe, ta leƙo. Tushen ɓarnar ɗaya ne: an zaɓi soso da mai tun kafin a san abin da fentin zai iya ɗauka.

Sai mu fara da abin da gogewa take yi. Inji ba ya cike kwarzane. Fentin da ke kewaye da kwarzanen yake ci, har saman ya sauko daidai da gindinsa, haske ya daina karyewa a bakinsa, ido ya daina ganinsa. Ke nan duk gogewa ragi ce. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: firama a kan ƙarfe, launi a kan firama, sannan kiliya a sama, wato ruwan nan marar launi mai sheƙi. Kaurinsu gaba ɗaya daga masana'anta yakan kama tsakanin maikuron 100 zuwa 180, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliya ita kaɗai ba ta cika wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, kusan rabin kaurin takardar rubutu ke nan. A cikin wannan ɗan siririn hawa duk aikin yake, kuma a cikinsa ne sinadarin da ke kare launi daga hasken rana yake zaune. Gogewa mai laushi takan ci maikuron 1 zuwa 3, kwampawun mai kaushi a kan ulu kuwa yakan ci ninkin haka ko fiye. Masu taka-tsantsan a sana'ar ba sa yarda jimillar abin da za a cire a tsawon rayuwar mota ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar. Duk wanda wannan lissafi ya zauna masa a kai ba zai fara da abu mafi kaushi ba.

Wanda zai riƙi wannan aiki a matsayin sana'a, ya kamata ya mallaki na'urar auna kaurin fenti. Ana ɗora kanta a jikin mota ta nuna lamba. A auna wurare da dama a kowane ɓangare: tsakiyar bonat, gefensa, rufi, ƙofofi, saman but. In lamba ta faɗo ƙasa da 80, mai yiwuwa an riga an goge wurin sosai, sai a bi shi da lallami ko a ƙyale shi. In ta haura 200 zuwa 300, alama ce ta an sake fesa wurin. In ta yi sama ƙwarai, ta doshi 1,000, akwai foti, wato abin da ake cike lotsawar ƙarfe da shi, a ƙasa. A lura da abu biyu: na'urar jimillar hawan duka take nunawa, ba kiliya kaɗai ba, kuma irin wadda aka fi samu a kan ƙarfe da alminiyam take aiki, ba ta karanta bamba ta roba.

Ba kowace lalacewa inji ke gyarawa ba, kuma faɗa wa mai mota gaskiya tun farko ya fi. A ja farce a hankali a gicciyen kwarzanen. In farce ya maƙale, zurfinsa ya wuce abin da za a share gaba ɗaya. Iyakar abin da za a yi shi ne a dakushe bakinsa ya rage fitowa. In aka zuba ruwa a wurin kwarzanen ya ɓace, ya dawo bayan wurin ya bushe, a cikin kiliya yake, akwai fatan fitarsa. In ana ganin toka-toka na firama ko farin ƙarfe a gindinsa, wannan aikin mai fesa fenti ne. Haka kuma kiliyar da ta fara ɓarewa, ko ta yi fari-fari a rufi da bonat, ko ta tsattsage ƙanana-ƙanana, ta mutu. Duk man da aka shafa mata zai ba ta duhu na kwana biyu ne kawai, inji kuma ƙara ɗaye ta zai yi. Fenti marar sheƙi da aka yi shi haka da gangan ba a goge shi ko kaɗan, domin duk inda soso ya taɓa zai yi tabon ƙyalli da ba ya komawa.

Akwai kuma tsofaffin motoci da wasu motocin aiki masu fenti hawa ɗaya, wanda launi da sheƙi suke haɗe ba kiliya a sama. Gane shi ba wuya: a ɗiga ɗan man gogewa a farin ƙyalle a murza a ɓoyayyen wuri. In launin motar ya fito a ƙyallen, hawa ɗaya ne. Irin wannan fenti, musamman ja, shi ne yake yin gari-gari in rana ta daɗe tana dukansa, kuma shi ne ya fi ba da mamaki in an goge, domin a ƙarƙashin matacciyar fatar akwai launi mai rai. Sai dai yana cika soso da mataccen fenti nan da nan, kuma ya fi son mai mai maiƙo a kan busasshen kwampawun.

Kafin a taɓa inji, sai mota ta fita tsaf, kuma a motar da aka yi sakaci da ita wannan mataki yakan ci lokaci mai tsawo. A wanke da sabulun mota da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soson wanki. A fesa ruwan cire ƙurar ƙarfe, wanda yake komawa shunayya in ya haɗu da burbushin birki da ya nutse a fenti, a ɗauraye kafin ya bushe. A cire ɗigon kwalta da ƙaron itace da man da aka yi dominsu. Daga nan a sa hannu cikin siririyar leda a shafa jikin motar. In an ji tsakuwa-tsakuwa, sai a bi da yumɓun goge fenti, ana fesa ruwan santsi isasshe, ana ninke yumɓun duk lokacin da fuskarsa ta yi datti. In ya faɗi ƙasa, a jefar da shi. Dalilin wannan wahala shi ne ƙwayar yashi guda ɗaya in ta shiga tsakanin soso da fenti, inji zai yi ta zana ta a jiki sau dubbai a minti ɗaya. Bayan an busar, a rufe robar gilashi, baƙar robar jiki, tambarin mota da bakin fitilu da salatif na takarda, domin kwampawun yana barin farin tabo a roba mai wuyar fita. A yi aikin a inuwa, inda iska ba ta kwaso ƙura, jikin motar kuma ya huce.

Inji iri biyu ne aka fi amfani da su, kuma zaɓen soso ya dogara da wanda ke hannu. Na farko shi ne rotari, wanda juyi kawai yake yi a kan sanda, galibi sau 600 zuwa 3,000 a minti. Yana ci da sauri, yana kuma tara zafi da sauri, kuma a hannun da bai ƙware ba yana ƙona fenti cikin daƙiƙoƙi. Na biyu shi ne wanda ake kira DA, mai haɗa juyi da lilo, ta yadda soso ba ya bin layi ɗaya sau biyu. Faɗin lilonsa yakan kasance milimita 8, 12, 15 ko 21. Mai 15 da faifan milimita 125 shi ne ya fi dacewa da yawancin motoci; mai 21 da faifan 150 ya fi sauri a shimfiɗaɗɗen wuri kamar rufi da bonat, amma yana tsayawa a lanƙwasa. Ƙaramin faifai na milimita 75 kuwa na bamba ne da ginshiƙan gilashi. Mai koyo ya fara da DA. Ina kuma roƙon 'yan'uwa su daina ɗaura soso a injin yankan ƙarfe. Ƙaramar giranda tana juyi kusan 11,000 a minti, ninkin abin da fenti ke buƙata sau bakwai ko takwas, kuma ba wani iya hannu da zai hana ta ɓarna.

To, mu zo kan soso, domin a nan aka fi yin kuskure. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙarfin aiki a cikin kwalbar mai yake, soso kuwa abin shafawa ne kawai. Alhali mai ɗaya tak zai iya yin aiki iri uku in aka canza masa soso sau uku. Ulu shi ne kan gaba wajen ci. Zaren ulu da kansa yana kankarar fenti, yana kuma barin iska ta ratsa, shi ya sa a kan rotari bai kai soson katifa mai tauri tara zafi ba. Amma yana barin zanensa, dole a bi bayansa da mataki na biyu. Mai bi masa shi ne soson maikurofaiba, wanda aka yi shi musamman don DA. Yana ci sosai, sai dai zarensa yana kwanciya da zarar mai da mataccen fenti sun manne shi, kuma da ya kwanta aiki ya tsaya, zafi ya ƙaru. Sai kuma soson katifa, shi ma hawa uku: mai tauri na ci, matsakaici na gogewa, mai laushi na gamawa.

Kada a sayi soso don launinsa. Babu wata ƙa'ida da ta haɗa kamfanoni a kan launi. Shuɗin soson Rupes mai kaushi ne, shuɗin 3M kuwa shi ne mafi laushi a jerinsu. Ruwan ɗorawa a wajen Lake Country na ci ne, a wajen Rupes na gogewa mai laushi ne. Wanda ya saba da kamfani ɗaya ya je ya sayi launin a wani kamfani, zai iya ɗora wa fenti akasin abin da ya yi niyya. A karanta abin da aka rubuta a fakiti, a kuma danna da babban yatsa: wanda ya ƙi nutsewa, fuskarsa na da kaushi, na ci ne, wanda ya nutse ya dawo a hankali, na gamawa ne.

Girma da kauri ma suna da tasiri. Soso ya ɗara faifan inji faɗi da kamar milimita 10 zuwa 15, don kada bakin faifai ya daki fenti in an zo kwana. Amma in ya yi wa faifan girma da yawa, DA ba zai iya juya shi ba. Siririn soso yana isar da motsin inji ga fenti kai tsaye, don haka ya fi ci a kan DA. Mai kauri yana shanye wani abu daga motsin, amma ya fi bin lanƙwasa. Ramin da ake gani a tsakiyar wasu sosuna an yi shi ne don zafi ya fita, saboda a tsakiya zafin DA ke taruwa.

Batun yawa shi ne abin da aka fi yi wa rowa. Soso ɗaya ba ya gama mota. Bayan ɓangare biyu ko uku ya sha mai ya ƙoshi, ya yi zafi, ya yi laushi, ƙarfin cinsa ya ragu, sai mai aiki ya ga kamar man ne ba shi da kyau, ya ƙara matsa lamba. Daga nan tsakiyar soson ya lotsa, ko gam ɗin da ke riƙe abin manna shi ya saki. A tanadi huɗu zuwa shida na matakin farko, uku ko huɗu na matakin gamawa, ana canzawa suna hucewa. Fenti mai hawa ɗaya da ya yi gari zai buƙaci fiye da haka. Kuma soson da ya taɓa kwampawun mai kaushi ba ya komawa aikin gamawa sai an wanke shi tas.

Man gogewa kuwa ƙananan ƙwayoyi ne masu kaifi, galibi na sinadarin alumina, a cikin ruwa da maiƙo da ke ba su santsi. Hawansa uku ne kamar soso: kwampawun mai ci, matsakaici, da na gamawa. Lambobin da ke jikin kwalba ma suna iya rikita mutum. A wajen Menzerna, 400 ne mai ci, 2500 matsakaici, 3800 na gamawa; ƙaramar lamba ita ce kaushi. A wajen Koch Chemie abin ya juya: H9 ne mai ci, F6 matsakaici, M3 mai laushi. Meguiar's kuma tana da M105 na ci da M205 na gamawa. Ban kawo waɗannan sunaye don talla ba, sai don mai saye ya san cewa lamba ba ta da ma'ana sai an san tsarin kamfanin da ya rubuta ta.

Bambancin da ya fi lamba muhimmanci shi ne yadda ƙwayoyin ke aiki. Wasu mayukan ƙwayoyinsu na farfashewa suna ƙara laushi yayin da ake gogawa. Irin waɗannan dole a yi haƙuri da su har man ya koma siririn maiƙo mai haske-haske. In aka tsaya da wuri, ƙwayoyin ba su gama murƙushewa ba, za su bar hazo a fenti. Wasu kuma, irin su M105, ƙwayoyinsu ƙanana ne tun asali kuma ba sa canzawa. Su ana iya tsayawa da zarar zane ya fita, kuma in aka ja aiki ya yi tsawo sai man ya bushe ya koma gari. Mai aiki da bai san wane iri ne a hannunsa ba zai zargi man da ba shi da laifi.

Akwai kuma mayukan da ke ɗauke da maiƙo da kaki masu kwanciya a cikin kwarzane su ɓoye shi. Su ne ke sa mota ta yi kyau ranar da aka karɓe ta, zane ya dawo bayan wanki. Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce. A sami alkohol na isofurofil mai ƙarfin kashi 70, a surka awo ɗaya da awo huɗu na ruwa mai tsabta, a fesa a ƙyallen maikurofaiba a share wurin da aka goge, sannan a haska da fitila mai ƙarfi daga gefe. Abin da ya rage bayan wannan sharewa shi ne ainihin aikin da aka yi.

Da yake fenti ya bambanta, ba wanda zai iya faɗa maka daga nesa cewa ga soso ga mai da za su yi wa motarka. A bisa yawanci, kiliyar motocin Jamus irin su Mercedes da Audi da Volkswagen takan yi tauri, ta motocin Japan irin su Honda da Toyota takan fi laushi, amma shekarar ƙira da launi da sake fesawa duk suna canza lamarin. Abin da ke yanke hukunci shi ne wurin gwaji. A keɓe murabba'i na santimita 40 zuwa 50 da salatif a kan bonat ko but, inda lalacewar ta fi wakiltar sauran jiki. A fara da matsakaicin mai a kan matsakaicin soson katifa. A goge, a share, a haska. In kashi mafi yawa na zanen ya fita, an samu, a tsaya a nan. In bai fita ba, a canza abu guda ɗaya: a bar man a ɗora soso mai tauri. In har yanzu bai yi ba, a koma kwampawun a kan wannan soso. Sai maikurofaiba. Ulu a kan rotari shi ne na ƙarshe. In aka canza soso da mai da gudu a lokaci ɗaya, ba za a san wanda ya yi aikin ba, ba kuma za a san wanda ya yi ɓarnar ba. Ɓangaren da aka sake fesawa a yi masa nasa gwajin daban.

Yadda ake goga kuwa, sabon soso ana fara shafa masa mai siriri ya game fuskarsa. Maikurofaiba musamman sai an murza man da yatsa ya shiga kowane zare. Bayan haka ɗigo uku ko huɗu masu girman ƙwayar wake sun isa kowane murabba'i. Mai da yawa yana sa soso ya yi ta zamewa a kan santsi bai ci komai ba, ya kuma fantsama ko'ina. A ɗora soso a jiki kafin a kunna inji. A baza man da gudu na 1 ko 2 a maɓallin gudun inji, sannan a ɗaga zuwa 4 ko 5 a kan DA. Hannu ya tafi a hankali, kamar santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, a bi a tsaye sannan a bi a kwance, zagaye huɗu zuwa shida, na ƙarshe a sassauta hannu. A zana layi da alƙalami mai kauri a bayan faifan DA. In layin ya daina zagayawa yana karkarwa a wuri ɗaya, an matsa da yawa ko an karkatar da inji, kuma a wannan hali ba abin da ake gogewa. A kan rotari a baza da juyi 600 zuwa 900, a yi aiki tsakanin 1,200 da 1,500, a sauko wajen 900 a gama. Igiyar wuta a rataye ta a kafaɗa don kada ta ja a jikin mota, a sa tabarau da takunkumi saboda garin kwampawun.

Bayan kowane murabba'i a tsaftace soso. Na katifa a goge shi da buroshi mai laushi ko a manna masa tawul yana juyawa a hankali. Maikurofaiba da ulu iskar kwamfuresa ta fi tayar musu da zare. Minti ɗaya ne, amma shi ke raba aiki mai kyau da wahalar banza.

Zafi ne babban abin tsoro. A riƙa taɓa wurin da bayan hannu. In ba za a iya barin hannu a kai ba, a matsa gaba a bar shi ya huce. Baki-baki da tudun layukan jiki su ne inda fenti ya fi siranta tun daga masana'anta, kuma a nan nauyin soso ke taruwa a ɗan ƙaramin wuri. A rufe su da siririn salatif ko a wuce su da hannu sake. A kan rotari, a karkata ta yadda soso zai riƙa sauka daga bakin, ba ya hau kansa ba. Bamba ta roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, don haka fentinta kan yi laushi ya murɗe ba tare da gargaɗi ba. A rage gudu, a yi amfani da ƙaramin soso. In aka ga launin mota a jikin soso alhali fentin mai kiliya ne, an huda ta. A tsaya nan take, ba sauran gyara sai fesawa.

Sauran matsalolin suna da magani. In bayan rotari da ulu aka ga wasu layukan haske suna bin mutum in ya motsa a rana, sawun injin ne, kuma man gamawa a kan soso mai laushi da DA yana share su. In baƙin fenti ya yi toka-toka bayan maikurofaiba, soson ya fi ƙarfin fentin. A sauko zuwa na katifa. In mai yana yin gari da wuri, ko dai jiki ya yi zafi, ko soso ya cika, ko an faɗaɗa wurin aiki. In yana danƙarewa ya ƙi sharuwa, fentin mai laushi ne ko an zuba mai da yawa. A rage gudu, a rage mai, a ɗauki sabon soso. Wani lokaci ma tawul ɗin sharewa ne ke mayar da zane a fenti mai laushi, shi ya sa ake son maikurofaiba mai tsabta marar kaushin baki, ana juya fuska, ba a danna shi.

Sanfefa mai ruwa, lamba 2000 zuwa 3000, tana da wurinta ga kwarzane ɗaya mai ɗan zurfi ko tabon kashin tsuntsu da ya ci kiliya. Amma tana cin fenti fiye da kowane kwampawun, kuma ban ba wanda ba shi da na'urar awo shawarar taɓa fentin masana'anta da ita ba. A motar hawa ta yau da kullum, in kashi 70 ko 80 na zane ya fita, 'yan zurfafan da suka rage a bar su. Kiliyar da za a kashe wajen bin su ta fi su daraja, kuma motar za ta sake buƙatar gogewa nan gaba.

Fentin da aka goge tsirara yake, sai an rufe shi. A share maiƙon da ruwan alkohol ɗin nan, sannan a shafa kariya. Kaki yakan yi wata biyu zuwa uku, man kariya na roba yakan kai kamar wata shida, rufin seramik kuwa yana yin shekaru amma yana kulle duk zanen da aka bari a ƙarƙashinsa, don haka sai aiki ya yi tsaf ake sa shi. Ɓangaren da aka fesa sabo a ba shi kwana 30 zuwa 90, gwargwadon umarnin kamfanin fentin, kafin a rufe shi, don sinadarin da ke ciki ya gama fita. In a wurin da ake fesa fenti ake aikin, a guji duk man da ke da silikon, domin burbushinsa na sa sabon fenti ya yi ramuka. Sosunan kuma a wanke su a ranar da ruwa mai ɗumi da sabulu kafin man ya sandare a ciki, a matse ba tare da murɗawa ba, a kife su abin mannawa na sama don ruwa kada ya kwanta a kan gam, kuma kada a mayar da su kan inji sai sun bushe sarai.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, wani mai sana'ar gyaran fentin mota.